Ashirin Bisa Ashirin ga Wasan Kamun Kifi

Sabha, unguwar Hajara
Janairu 2007

Zuwa ga taubashina Saidou, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Kawu da mutanen gida duka. Ka gaishe mini da Inna Asmaou, ka ce mata ɗanta yana lafiya, sai sanyi. Sanyin garin nan ba irin namu ba ne. Da asuba ruwan alwala kamar reza, ga siminti ya tsattsaga mini hannu. Aiki dai akwai shi. Duk inda ka juya a Hajara gini ake yi, kuɗin fetur ya sa kowa yana son ɗakinsa ya leƙa gidan maƙwabcinsa. Mudir ɗinmu, wato mai aikin, ba shi da faɗa sosai, sai dai ba ya son ganin mutum a tsaye hannu sake.

Ga faifai uku na wasan tele na ba Jibirin direba ya kawo maka don shagonmu. Na ƙwallo, sha biyar bisa ashirin. Na tseren mota, sha uku: yana da gudu, amma in an yi nisa sauti yana ɗaukewa. Na sojoji, sha ɗaya, ita ma da tausayi. Ka san yadda nake yi. Juma'a kaɗai gare ni. In an sauko daga masallaci sai in tafi kasuwar Jadid wurin Bakanon nan mai sayar da faifai, ya sa mini a na'urarsa, in riƙe manet, wato abin sarrafa wasan, in gwada har la'asar. Abin da na gani shi nake faɗa. Abin da ban gani ba ina rage masa maki, don ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba, kuma ka san halin faifan kwafi, sai yaro ya ba da zuciyarsa sannan su tsaya cak.

Yanzu ga abin da ya sa na tsawaita. Djibo, wanda muke kwana ɗaki ɗaya, ya dawo daga ganin gida. Ya ce ya bi ta ƙofar shagon, ya ga allon da kake jinginawa a waje an rubuta da alli: "Sabo daga Libiya, Younoussa ya ba shi 19/20." Na ce wane faifai? Ya ce na dambe. Saidou, na dambe sha biyu na ba shi. Na ce wa Djibo ko idonsa ne. Ya ce, "Ni ban yi lakkol mai nisa ba, amma tara da biyu ko a duhu ba sa kama."

Ban ce kai ka rubuta ba. Wataƙila yara ne suka taɓa allon. Amma ina so in ji daga gare ka.

Bari in gaya maka abin da na lura da shi a rumfar Bakanon nan. Duk faifan da ke wurinsa, a bayan kwalinsa akwai 10/10 da taurari. Na jera su na duba. Tambarin iri ɗaya ne, har da ɗan karcen da ke gefen sifilin. Na ce, "Alhaji, wa ya ba da goman nan?" Ya ce, "Turawa mana." Na ce, "Wane Bature?" Ya ce, "Kai ɗan Nijar, saye ka zo yi ko shari'a?"

Shagon nan shi ne abin da zan dawo in tarar in na bar ɗaukar bulo. Tele da na'ura kowa na iya saye. Abin da muke da shi wanda babu a kasuwa shi ne, in na ce sha biyar, to sha biyar ce. Kada ka sayar mini da wannan.

Naka,
Younoussa

*

Damagaram
Fabrairu 2007

Zuwa ga Younoussa, babban alƙalin faifai na ƙasar Libiya.

Wa alaikumus salam. Mu duka lafiya, alhamdu lillahi. Baba yana gaishe ka. Gwaggo Asmaou ta ce ka riƙa shafa man kaɗe a hannu, ta kuma ce me ya sa takardarka tawa ta fi tata tsawo. Faifai sun iso, na ƙwallo ya karɓu.

Ɗan mace, ba yara ba ne. Ni na rubuta, da hannuna na dama, kuma gobe ma in ta kama zan sake. Kai kana can inda wutar kuran ba ta ɗaukewa, kana raba maki kamar mai raba gado, ba ka san abin da ke faruwa a layinmu ba. Chékaraou mai gyaran rediyo ya buɗe irin shagonmu daura da mu, ƙofa na kallon ƙofa. Ya samo allo ya fi namu girma. Duk faifan da ya kawo, 20/20. Har wanda na san kai ka ba shi sha ɗaya, a wurinsa ashirin ne. Yaro ya fito da ɗan canjinsa, ya dubi hagu ya ga sha biyu, ya dubi dama ya ga ashirin. Kai ina za ka shiga?

Rannan ina ji wani yana ce wa abokinsa, "Na Saidou duk marasa lafiya ne, shi da kansa yake rubutawa." Na kira shi na ce, "Zo nan, ɗan gidan wa? Namu gaskiya ce." Ya ce, "To a ba mu ƙaryar, ta fi daɗi." Suka tsallaka.

Sha tarar ma ba ta yi aiki ba, in ka so ka ji. Sun buga na damben, sun ce ai wannan bai kai ba, ashe Younoussa ma ya fara. Ka ga yanzu na rasa tudun dafawa: in na rubuta naka su raina, in na ƙara su ƙaryata.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ka nemo mini faifai guda wanda kai da kanka za ka ba ashirin, in rubuta ba tare da zuciyata na bugawa ba. Kada ka kawo mini maganar mushenmu, malamin nan namu na lakkol, wai ashirin ta Allah ce, sha tara ta malam, ɗalibi ya nemi abin da ya saura. Wannan ba jarrabawa ba ce, wasa ne. Ma'aunin da ba a taɓa cika shi ba, ina amfanin bakinsa? In ashirin ba ta kowa ba ce, sai mu ce bisa sha biyar muke auna, mu huta.

Ina jiran Jibirin da amsarka. Masu zuwa sun ragu ƙwarai, benci ɗaya ma ba ya cika.

Ubangidanka, ɗan namiji,
Saidou

*

Damagaram
Afrilu 2007

Younoussa,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu lafiya, sai zafi da ƙarancin ruwa irin na kowace shekara.

Jibirin ya zo ya koma, ya sake zuwa, babu faifai, babu takarda. Ya ce bai gan ka a tasha ba. In fushi kake a kan allo, ka yi fushin da ni, amma Gwaggo ba ta rubuta komai a allo ba. Kullum in ta dawo daga kasuwa sai ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Mutumin naka fa?" Na gaji da ce mata hanya ce ba kyau.

Na goge sha tarar. Allon yana nan da tsofaffin makinka yadda ka ba da su, ban ƙara ko ɗigo ba. In wannan kake jira, to ga shi.

Wani ya ce mini wai Chékaraou ma daga Sabha ake aiko masa da faifai. Ban tambayi ko wane ne ba. Ban so in sani.

Saidou

*

Sabha
Mayu 2007

Zuwa ga taubashina Saidou.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kawu, ina gaida Inna da kyau. Ni lafiyata ƙalau, babu abin da ke damuna. Abinci lafiya, wurin kwana lafiya, komai lafiya. Ku yi haƙuri da shirun, abubuwa ne suka yi yawa. Ba fushi nake ba, kuma ban san Chékaraou da wata hulɗa ba.

Ga faifai ɗaya. Ashirin bisa ashirin.

Wasan kamun kifi ne. Mutum ne da ɗan jirginsa na katako a wani tafki mai duwatsu da itatuwa. Kana tuƙa shi inda kake so, ka jefa ƙugiya, ka jira. In kifi ya taɓa, manet ɗin yana rawa a hannunka kaɗan kaɗan, kamar zuciyar ɗan tsako. In ka ja da wuri ya tsere, in ka yi nawa ya cinye abincin ya bar ka. Wani lokaci hadari yana haɗuwa a yi ruwa. Ka ƙara sautin tele in an fara, ka ji yadda yake sauka a kan tafkin. Na fi son buga shi da hantsi, lokacin da unguwa ta yi shiru.

Rubutun cikinsa ba na Faransanci ba ne, ba na Larabci ba, irin mai kama da tsintsiyar nan ne, amma ba a bukatarsa. Na kai shi ƙarshe. Ba ya tsayawa ko'ina.

Ka nemi ashirin wadda ni da kaina na ba da. Ga ta.

Naka,
Younoussa

*

Damagaram
Yuni 2007

Younoussa,

Na amsa gaisuwarka. Gida lafiya. Gwaggo ta yi murna da jin motsinka, na karanta mata farkon takardar, ta ce alhamdu lillahi. Ni ban ce ba tukuna.

Na sa faifan a gaban yaran da suka rage mana. Ban rubuta komai a allo ba, na ce bari in gani da idona. Suka zauna suna kallon mutum a jirgi. Can wani ya ce, "Yaushe za a fara?" Na ce ai an fara. Ya ce, "Ina abokan gāba?" Na ce babu. "Bindiga fa?" Babu. Wani daga baya ya ce, "Wato mu biya kuɗi mu zauna muna jiran kifi. A Damagaram. Inda ko ruwan wanka sai an bi layi." Har Chékaraou ya leƙo jin dariya, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Saidou, in ya kama a ajiye mini kai."

Kuma yana da aibi, kada ka ce ba ka gani ba. Jirgin yana shigewa cikin dutse ya fito ta baya. Kiɗan guda ɗaya ne yana ta juyawa. Mutumin ko fuska ba shi da ita ta kirki. Kai da ka rage wa tseren mota maki don sauti ya ɗauke, wannan ka ba ashirin?

Na yi tunani iri uku, zan faɗa maka su yadda suka zo.

Da farko na ce ramuwa ce. Ka haƙa mini rami don na taɓa makinka: in rubuta ashirin, yara su yi mini ihu, in koyi hankali. Amma shagon naka ne kamar yadda yake nawa, kuma ba ka da irin wannan muguntar, haƙurinka ma shi ke ba mutane haushi.

Sai na ce Bakanon nan ne ya saye ka. Faifan da ya rasa mai saye ya liƙa maka, da ɗan abin shan shayi. Wannan ban gama cire shi daga raina ba.

Na uku shi ya hana ni sakewa. Na ɗauko tsofaffin takardunka na ajiye kusa da wannan. Kowacce akwai ƙorafi a ciki, sanyi, ko mudir, ko hannu, kuma kowacce da shatar yatsa ta siminti a gefe. Wannan fes take, kuma komai lafiya, komai lafiya, har sau nawa. Kai da Juma'a kaɗai gare ka, yaushe ka kai wasa ƙarshe? Wane lebura ne ke zaune a ɗaki da hantsi yana sauraren shirun unguwa? Na tambayi Jibirin, ya ce Djibo ne ya kawo masa saƙon tasha, ya ce kana wurin aiki. Na ce wace rana ce? Ya ce Juma'a.

Ko an kore ka, ko shurɗa, 'yan sandan can, sun taɓa ka a kan takardu, ko wani abin da ya fi haka. Ban gaya wa Gwaggo ba. Allon yana nan wayam, yara suna tambaya ko alƙalin ya yi ritaya. Ba zan rubuta ashirin ɗin nan ba sai na san wanda ya ba da ita. Kuma ka amsa mini wannan: in gobe ka samu wanda ya fi shi, me za ka ba shi? Ashirin da ɗaya?

Saidou

*

Sabha, Hajara
Yuli 2007

Zuwa ga taubashina Saidou.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Zafi ya yi yawa, ƙuda sun dame mu, Djibo yana minshari, kuma ƙafata ta hagu tana ƙaiƙayi kamar an zuba mata tururuwa. Ga ƙorafi, tunda shi ne shaidar lafiya a wurinka.

Na uku ne. Ba kora ba ce, ba shurɗa ba. Katakon da muke takawa a hawa na biyu ne ya karye da ni, ina ɗauke da bokitin kwaɓi. Ƙashin ƙauri ya tsage. Ban je likita ba saboda takarduna ba su cika ba, wani maɗori mutumin Tawa da ke aiki a gonakin Wadi Bawanis shi aka ɗauko ya ɗora ni. Ya ce in na motsa ta kafin ya ba da izini, in nemi wani ya sake karya ta, shi ba ya aiki biyu. Yanzu ina takawa da sanda. Mudir ya ce in na warke akwai aikin gadin kaya, ba hawa sama.

Na biyun ma ba ka yi ƙarya duka ba. Bakanon nan da ya ga Juma'a ta wuce ban zo na dame shi ba, ya tambayi Djibo. Sai ga shi ya aiko da tsohuwar na'ura da ƙaramar tele da faifai cike da leda, ya ce a gaya wa mai shari'a ya yi ta yanke hukunci a kwance. In wannan ne cin hanci, to na ci.

Ka san abin da ban sani ba sai da na kwanta? In kana buga ƙwallo da yatsa, ƙafarka ma bugawa take. Na dambe kafaɗa da ƙugu duk suna ciki. Na mota kana karkata da jikinka a kwana. Kowanne na sa, sai azaba ta harbo ni har ƙeya, in jefar da manet. A ƙasan ledar na samu na kifin, kwalinsa ko 10/10 ɗin ba a buga masa ba. Shi kaɗai ne bai nemi komai a wurina ba sai in yi shiru in jira, abin da maɗori ma ya nema ke nan.

Mutanen ɗaki suna fita tun da asuba. Daga nan sai ni da rufin kwano da tunanin ko zan koma gida da ɗingishi hannu wofi, Inna ta gan ni. Tunanin nan ya fi karayar ciwo, Saidou. In ya taso sai in tura jirgi tsakiyar tafki. Tun da na zo garin nan ban ga ruwan sama na kirki ba. A wasan nan ne na ji shi, har nakan ajiye ƙugiyar in bar mutumin yana jiƙewa. Ƙarshensa ba wani abu ba ne: ya ɗaure jirginsa a gaɓa, ya shiga gida, rubutu ya yi ta hawa sama. Ranar ce maɗori ya kwance mini karan ɗori.

Aibin da ka lissafa duk na gani, har da wanda ba ka kai ba. Ashirin ɗina ba ta ce babu aibi ba. Sauran faifan ina rage musu ne saboda abin da ban gani ba da abin da na nema suka hana ni. Wannan na gan shi duka, kuma abin da na nema ya ba ni bai rage ba. Na duba inda zan cire maki ɗaya ba tare da na yi masa butulci ba, ban samu ba. Ka ce in wanda ya fi shi ya zo fa? In ya zo ya same ni a kan ƙafafuna, ya karɓi sha shidansa ya yi godiya. Irin wannan makin ba faifai kaɗai ke cin sa ba, sai ya haɗu da mutum a ranar da ya dace. Shi ya sa ba a ba da shi kowane mako, kuma shi ya sa na Chékaraou ba ya da nauyi: babu kowa a bayansa.

Shekaranjiya na sake sa shi. Na ga jirgin ya shige dutse, na ji kiɗan ya ishe ni, kafin kifi ya taɓa na kashe na fita waje. Da yau aka kawo mini shi, sha biyu zan ba shi, yaranka ba su yi kuskure ba. Amma ba zan canza ba. Wanda ya ba da ashirin ɗin ya san abin da yake faɗa, ni da na tashi ba ni da hurumin taɓa masa maki, kamar yadda kai ba ka da hurumin taɓa nawa.

Ga abin da za ka rubuta, kada ka ƙara, kada ka rage: "Kamun kifi, 20/20. Younoussa ya karye a ƙafa, a kwance ya buga shi har ƙarshe. Mai ƙafa biyu ya nemi na ƙwallo." In sun karanta wannan za su san abin da ashirin ɗinmu take nufi, su san sha biyar ɗinmu ma ba wasa ba ce. Ko za su dawo, ban sani ba. Amma ba wanda zai ce mun yi masa ƙarya.

Na san in ya hau allo, kafin azahar duk unguwa ta ji, kuma abin da na yi wata da watanni ina ɓoyewa ke nan. Ban ga wata hanya ba. In na ɓoye ƙafar, makin ya zama irin na maƙwabcinka.

Saboda haka kada Inna ta ji a bakin masu tallar goro. Ka je da kanka, bayan ta ci abinci, ka zauna a ƙasa kusa da ita. Ka fara mata daga ƙarshe, ka ce yana takawa. Sai ka koma baya a hankali. In ta yi kuka ka bari ta gama, in ta zage ni ka taya ta. In ka fito daga wurinta, sannan ka ɗauki alli.

Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
Younoussa